Littafin da Ya Ƙone Tare da Cocinmu

Ba su sa ni cikin kwamitin sake ginin coci ba, kuma har yau ban yafe ba. Maza bakwai suka zaɓi junansu. Da na yi magana, shugabansu ya ce, "Mama, wanga aiki na masu karatu ne." Ni da na koyi baƙi ina da 'ya'ya biyar, a kan bencin cocin nan da ya zama toka.

Cocinmu na Katolika a Gwandu tsoho ne. Malaman makaranta na farko da suka zo daga Zuru su suka gina shi da ƙasa. Wutar lantarki ta dawo da ƙarfi wata Talata da rana, gobara ta tashi, kafin a ɗebo ruwa rufi ya zube. Maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu yawa wurin kashe wutar, wannan kam ba na mantawa.

Kwamiti ya zauna. Bulo, kwano, katako, tsawon taga. Babu wanda ya ambaci kabad ɗin bayan bagadi. A cikinsa littafin baftisma yake, tun na kakanni. A cikinsa kuma katunan baftismarmu suke, kuma wannan laifina ne. Gara ta cinye katin wata a gida, sai na bi matan zumunta ɗaya-ɗaya na ce su kawo nasu a ajiye a ɗakin Allah, can ba abin da zai taɓa su. Suka kawo. Littafi da kati suka tafi rana ɗaya.

'Yata ta fari za ta yi aure bayan Ista. Fada, limamin cocinmu, ya ce, "Mama, ba na ɗaura aure sai da shaidar baftisma. Ko kati, ko bakin wanda ya tsaya a wurin."

Na koma wa kwamiti da maganar. Shugaban ya ce, "Bari mu ɗora kwano tukuna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwanon zai rufe su wa? Ko kai ba ka da shaidar kai Kirista ne, naka katin ni na karɓa hannun matarka."

Aka yi dariya, ban da shi.

Tsohon katikis ɗinmu, mai koyar da masu shirin baftisma, yana Kalgo wurin ɗansa. Idonsa ya tafi, amma ya san kan kowane yaro da aka zuba wa ruwa, da wanda ya riƙe shi. An ce jikinsa ba daɗi tun damina.

Washegari ban fitar da kayan shago ba. Na sayi littafin rubutu mai kauri da biro biyu, na shiga motar Birnin Kebbi, daga can na kama ta Kalgo. A hanya na buɗe shafin farko na rubuta sunan 'yata, da wannan rubutun nawa mai kama da tafiyar kaza, na bar fili a ƙasa don sauran.