Guntayen Fensir a Ɗankwalin Malama Asabe

Duk wanda ya san Malama Asabe ya san ɗankwalinta ma'ajiya ce. A nan take soke guntayen fensir, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Sabon fensir ba ya kwana da tsawonsa a hannunta, sai ta sa reza ta yi gunduwa-gunduwa da shi. In an yi magana ta ce, "Ɗan aji ɗaya ne zai riƙe wannan sandar? Kiwo zai tafi?" Ranar sunan jikan hedimasta ta durƙusa gaida manya, guntayen suka zubo cikin kwanon waina. Ko a jikinta. Ta tsince su, ta goge man da bakin zani, ta mayar da abinta.

Na same ta ne lokacin da aure ya kawo ni Suleja, aka ba ni koyarwa a wata firamare a Kwamba, aka ce in taimaka mata da 'yan aji ɗaya. Ban san kowa a garin ba. Maigidana motar asuba yake bi zuwa aiki Abuja, ya dawo a gajiye liƙis. Ita kuwa mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo yana Kudu, tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya. Yaran nan tsoro suke ba ni, ban ɓoye mata ba. Na ce, "Malama, ranar da kika bar ni ni kaɗai da su, guduwa zan yi." Ta ce, "Ki bar min takalmanki in za ki gudu, sun yi min daidai."

Waɗanda suka san ta za su tuna yaƙinta da ƙadangaru. Shekarun aji ɗaya su ne na famfara, yara kuma sun yarda in ƙadangare ya ga giɓinsu haƙorin ba zai sake fitowa ba. Saboda haka kullum kafin a fara karatu sai ta zagaye ajin da tsintsiya tana dukan bango. Wata rana hedimasta ya tarar da ita a kan benci tana zungurar bakin taga.

"Haba Malama, wannan ai camfi ne."

"Na sani, ranka ya daɗe. Su ne ba su sani ba. Kai za ka koyar da yaron da ya toshe baki da hannu biyu?"

Hedimasta ya dubi ajin, ya ga rabinsu hannu a baki. Ya karɓi tsintsiyar, don ya fi ta tsawo.

Da aka yi mata ƙarin girma aka kai ta ofis, ba ta rufa mako ba sai ga ta ta dawo aji da kujerarta a ka. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce, "'Yar nan, tun safe ba wanda ya kawo min ƙarar an cinye masa fanke, ba wanda ya ce fitsari. Wannan ai zaman makoki ne."

Na taɓa tambayarta me ta gani a aikin nan na sharar majina. Sai ta ja ni wajen wata yarinya da ke kuka ta kasa rubuta baƙi ko ɗaya. Ta ɗora hannunta a kan na yarinyar, suna ja tare, tana yi mata hira. Can sai na ga hannun Malama ya ɗaga a hankali, yarinyar kuwa ba ta sani ba, ta ci gaba da rubutu har ƙarshen layi. Malama ta raɗa min, "Kin gani? Wannan nake so. Kama hannu kowa ya iya. Sakin ne aiki, kada ki bari yaro ya ji lokacin da kika saki."

Da ta yi ritaya aka yi walima, aka ba ta atamfa. Washegari sai ga ta a bencin baya, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, wai ta zo duba ƙadangaru. Na ji daɗi har raina. Daga baya ta koma tafiya da an fita tara, sannan zuwan ya zama jefi-jefi, ta ce ƙafa ce ke damunta. In na je gaishe ta sai ta tsare ni da tambayar wa ya yi famfara, wa ya fara haɗa baƙi, ta kore ni wai kada maigida ya dawo ba abinci. Har zango ya ƙare ina riƙe da ajin ni kaɗai, ban gudu ba.

Ranar da ta rasu, muna zaune a tsakar gidan hayar, na ce wa maƙwabciyarta ciwon ƙafar nan ya hana ta abin da ta fi so. Matar ta dube ni ta ce, "Wace ƙafa? Har kasuwa take zuwa a ƙasa. Kullum da safe sai ta shirya tsaf, ta yafa mayafi, ta tsaya bakin ƙofa har 'yan makaranta su gama wucewa, sannan ta koma ciki ta zauna."

Sai a lokacin na gane hannuna ta saki, ban ji ba.

Yanzu ni ke dukan bango da tsintsiya, bencin baya kuma ba kowa. Ina kewarta ƙwarai. Allah Ya jiƙan Malama Asabe, Ya ɗebe mata kewar kabari kamar yadda ta ɗebe min tawa, Ya riƙe hannunta, kada Ya saki.