Tuwon Gayaunar da Ban Ci Ba

Ni mutum ne mai saurin mantuwa, kuma da gangan nake yi, don yawancin abin da duniya ta nuna mini bai kai a ajiye shi a zuciya ba. Amma akwai wata Asabar ta kaka, a shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana ƙauye, wadda ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta tiryan-tiryan. Wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Gidanmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal ɗin ban-ruwa, kuma shinkafa muke nomawa da damina. Muna da wata al'ada da muka gada tun daga kakanmu. Idan yaro ya kai shekara goma sha uku, sai a yanka masa gayauna, ɗan fili a gefen gonar ubansa. Shi zai nemo iri, shi zai dasa, shi zai yi cira, shi zai kori tsuntsu. Ƙannensa suna iya taya shi, amma uba ko tsinke ba ya ɗagawa a ciki. Idan kaka ta yi, sai a surfe shinkafar a turmi, a tuƙa tuwo, gida kaf a taru a ci. In tuwo ya zagaya, kowa ya ce ya ƙoshi, sai a miƙa wa yaro sabon lauje, daga ranar ya bar kwanon yara ya koma cin abinci da manya. In bai zagaya ba, a ce masa sai baɗi.

Ni aka ce wa sai baɗi. A zamanina ruwa ya kwanta mini a gayauna, tuwona ya ƙare tun kafin ya kai ɗakin mata. Yayana, wanda ya yi karatu ya ƙare da biro a aljihu, ni kuwa aka cire ni daga aji huɗu aka ba ni fartanya, tun daga ranar ya laƙaba mini suna Sai-Baɗi. Na yi gemu, na yi furfura, na haifi 'ya'ya, bai daina ba. Ko a gaban surukaina haka yake kirana.

To sai ga babban ɗana ya kai. Wallahi a shekarar nan na fi yaron rawar jiki. Kullum in na je gona sai na tsaya a kan kunya ina leƙen gayaunarsa kamar mai leƙen amarya. Na ga shinkafarsa ta fi tawa tsayi, na ce a raina yaro ya labta taki, ƙuruciya ce. Ban tambaye shi inda ya samo iri ba. Na ɗauka ya ɗebi sipi, farar shinkafar zamani, a rumbuna kamar yadda kowane yaro yake yi.

Da shinkafa ta fara nuna, sai gida ya zama kamar sansanin yaƙi. Yaron da ƙanwarsa mai shekara goma suka tattaro duk gwangwanin madara da na tumatir da ke ƙauyen, suka zuba tsakuwa, suka jera a igiya. Suka shiga ɗakina suka farke mini kaset-kaset, na wa'azi da na waƙa, suka ja zaren daga wannan sanda zuwa waccan, yana walƙiya yana kuka in iska ta taɓa shi. Na zo zan yi faɗa, na ga yadda gayaunar take ƙyalli, sai na haɗiye. Da yamma kuwa a nan bakin gona suke gasa masara da gyaɗa, kowa baki baƙi ƙirin, ana jiyo gangar 'yan kokawa daga ƙauyen gaba. Kaka ke nan. Ko ni da ba na dariya, a lokacin nakan yi.

Sai ranar wata Laraba da hantsi. Yaron yana makaranta, don malaminsu ya rantse zai zane duk wanda ya sake fashi saboda tsuntsu. Ƙanwar ce kaɗai a kan rumfar korar tsuntsu riƙe da igiya. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi duhu, na ce hadari a wannan lokaci? Ashe garken tsuntsu jan-baki ne. Wanda bai taɓa ganin jan-baki ya sauko wa shinkafa ba, bai san tashin hankali ba. Ƙararsu kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Suka nufo tawa gonar. Na rarumi sanda na hau dukan rabin duro, ina ihu, ina jifa da hoge, rigata ta yage ban sani ba. Suka tashi gaba ɗaya, suka yi kwana, suka zube a kan gayaunar yaron.

Yarinyar nan tana jan igiya da hannu biyu, gwangwanaye suna kaca-kaca, tana kuka tana cewa, "Baba! Baba, ka zo! Suna cinye wa Yaya!"

Korar tsuntsu daga bakin kunya ba ta karya al'ada, na sani. Amma in na matsa daga nan, su dawo kan tawa, wadda ita ce abincin shekara. Na zaɓi tawa. Gara in faɗa da bakina.

Da aka yanke aka casa, abin da yaron ya samu bai kai rabin buhu ba. Gidanmu kuwa in an taru, da mata da yara da masu zuwa daga gidajen aurensu, mun haura ashirin. Na dubi buhun na ce, "Wannan ko kaji ba za ta isa ba."

Ya ce, "Iya ta ce za ta isa."

Iya ita ce mahaifiyata, tsohuwa ce tukuf, ba haƙori ko ɗaya amma bakinta ya fi aska. Na ce, "Iya ce za ta ci, ko mutum ashirin?" Ya ɗaure bakin buhunsa.

Ranar Asabar tun da safe gida ya cika. An yanka zakaru biyu, ana jajjagen kayan miya, yara suna tsere a tsakar gida. Yayana ya iso a kan babur da sabuwar wayarsa rataye a wuya kamar laya, ya hango ni ya ce, "Sai-Baɗi! Yaya, bana ma gadon gida za a yi?" Mutane suka yi dariya. Na ji kamar an watsa mini barkono a ido.

Nan take na kira yaron na ce ya hau keke ya je Bunkure ya gaya wa gwaggonsa ana jiranta. Yana fita na shiga rumbu, na kwance buhunsa, na kamfato sabuwar sipi daga nawa na zuba a kai har ya kusa cika. Ban tsaya gaurayawa ba, don na ji takun mutum. Na saɓa buhun na dire wa mata a gindin turmi, ina wani ƙasaita. Uwar yara ta dubi buhun, ta dube ni, ta ce, "Malam, shinkafar nan haihuwa ta yi?" Na ce ta yi aikin gabanta.

Aka fara surfe, taɓare uku a turmi ɗaya, 'yan mata suna cafe taɓarya suna tafi. Aka juye turmin farko a faifai, aka bakace, ga shinkafa fara tas. Iya tana zaune a kan tabarma, ta ce a miƙo mata. Ta damƙa, ta kai kusa da ido, ta shinshina.

Ta ce, "Wannan ta wace ce? Ba ta maigidana ba ce." Haka take kiran jikan nata, wasan kaka da jika.

Na ce, "Iya, idonki ne."

Ta ce, "Idona ya ga ranar da aka haife ka. Ku ci gaba da daka."

Turmi na biyu fari. Na uku sai ga jajayen ƙwayoyi tsilli-tsilli. Na huɗu kuwa rabi da rabi. Na biyar ja wur, kamar an surfa jar dawa. Taɓare suka tsaya. Ni kaina na tsaya baki buɗe, don rabon da in ga jar shinkafar nan tun ina yaro. Ashe tsohuwar nan tana da irinta na da a ƙulle cikin tukunya, tana ba wata ƙawarta tana sabunta mata, shi ta ba yaron tun farkon damina. A cikin ɓawo ba ka bambanta ta da sauri, ballantana mutumin da ke sata a rumbunsa cikin gaggawa.

Daidai nan yaron ya shigo da keke, gwaggonsa a baya. Ya dubi fayafayan nan a jere, fari, fari, roɗi-roɗi, ja. Bai tambayi kowa ba. Ni ya duba.

Yayana ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "Kai jama'a! Yaro ya shuka ja, Allah ya ba shi fara! Ƙanena, wace addu'a kake yi? Ka ba ni ita!"

Iya ta ce, "Kai kuma rufe mana baki, mai waya." Ta juya wajen yaron. "Maigida, ubanka ya sa hannu. A ƙa'ida an tashi, sai wata shekara. Me ka ce?"

Yaron nan idonsa ya kawo ruwa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ce, "Iya, a ware tasa. A dafa tawa ita kaɗai. In ba ta isa ba, na yarda."

Ai kuwa sai gida ya kaure. Aka shimfiɗa tabarmi, aka baje gaurayayyar a kan fayafai da tire, kowa ya duƙa tsinta, ja nan, fara can. Yara suna gasar wanda zai fara cika murfin kwano. Ƙanwarsa ta zama sarkin aiki, tana bin kowa tana duba hannu, ta kama gwaggo ta jefa fara ɗaya cikin ja, ta yi mata ihu kamar ta kama ɓarawo. Har yayana ya cire hula ya zauna yana tsinta da farcensa na 'yan boko. Ni na miƙa hannu, Iya ta buge shi da mafici. "Kai ka yi naka aikin tun da safe."

Da aka gama, jar ta taru a ƙwarya ɗaya. Na dube ta na ce shi ke nan, na kashe yaron nan sau biyu. Aka ɗora tukunya bayan azahar. Iya da kanta ta ja kujera zuwa bakin murhu tana cewa, "Ƙara ruwa. Na ce ƙara! Wannan ba irin taku ta zamani ba ce, mai ƙyalli ba auki." Uwar yara tana ƙarawa tana tsoro. Sai ga shinkafa tana tasowa, tana kumbura, tana ture murfi. Yara suka kewaye murhu suna tsalle suna cewa, "Tana tashi! Tana tashi!" Muciya ta ƙi juyuwa a hannun mace ɗaya, sai da biyu suka kama. Ƙamshin da ya tashi kuwa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Aka kwashe malmala-malmala, aka kai kwanon maza, aka kai na mata, aka kai na yara. Yaron yana tsaye a tsakiya hannu a baya, yana bin kowace loma da ido. Bayan an ci, Iya ta fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi. "An ƙoshi?" Mata suka ce alhamdu lillahi. Yara suka ɗaga riga suna nuna ciki. Saura kwanon maza, kuma malmala ɗaya ce ta rage a ciki. Kowa ya san cin yayana, mutum ne da yake tashi da malmala huɗu. Amma ranar nan biyu kawai ya ci. Ya dubi wadda ta rage, ya dubi yaron, ya suɗe hannu ya yi gyatsa da ƙarfi.

Ya ce, "Iya, ko allura ba ta da wurin shiga."

Har yau ban sani ba ko ƙoshi ya yi ko kara. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba, don kada ya sa in gode masa.

Guɗa ta tashi. Iya ta zaro lauje daga ƙarƙashin tabarma ta miƙa wa yaron, ƙanwarsa ta ɗale bayansa tana ihu, suka faɗi tare. Maza suka matsa suka buɗe masa wuri, ya zauna ya ci malmalar ƙarshe a kwanon manya.

Ni fa? Iya ta sa an dafa mini farar sipi ɗina daban, aka zuba a ɗan kwano, aka ajiye mini can gefe kusa da masu rarrafe. Ta ce, "Abin da mutum ya kawo shi yake ci." Na ci, don ban isa in ƙi ba. Tuwon jar shinkafar ɗana, wanda har yanzu in an taru ake labarin daɗinsa, ko loma ɗaya bai shiga bakina ba.

Da la'asar na same shi a bakin kanal yana wasa laujensa a dutse. Na tsaya na rasa ta inda zan fara, don ni ban iya ba da haƙuri ba, ba a koya mini ba. Na ce, "Don kada a yi maka dariya na yi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, ranar tsuntsu ban ji haushinka ba, abincinmu ka tsare. Yau ce na ji. Na gaya maka za ta isa."

Yanzu shi ma magidanci ne, kuma har gobe in zai yanke shawara a kan gona, yakan je wajen kowa kafin ya zo wajena. Ni na jawo. Abin da ranar nan ta koya mini, da tsada kuwa, shi ne yaro yana iya yafe maka in ka bar shi ya faɗi, amma da wuya ya manta ranar da ka nuna masa ba ka yarda zai iya tsayawa ba. Tsoron da na ɗauko tun ina ɗan shekara goma sha uku nawa ne, ba nasa ba, amma na juye masa shi a buhu na ce taimako ne. Duk uban da ya ga ɗansa ya ɗauko ɗan abin da ya noma da hannunsa, komai ƙanƙantarsa, ya naɗe nasa hannun, ya zauna, ya jira a zubo masa.