Ranar da Wasayo Ya Je Ɗauko Sabagi

Wasayo mijin yayata ne, kuma a duk garinmu na Keti Bandar babu wanda ya kai shi tsoron teku. Manomi ne ɗan manomi. A tsohon ƙauyenmu, can inda kogin Sindu ke zuba cikin teku, ubansa ya bar masa gonar jar shinkafa da ɓauna masu nono. Da ruwan kogi ya ja baya, gishiri ya hau gonaki, sai ya zame wa kowa dole ya koyi kamun kifi. Wasu sun koya. Shi kuwa da ya hau kwale-kwale sai ya mayar da abin da ya ci, don haka ya tsaya ga kamun ƙaguwa cikin taɓo, inda ƙafarsa ke samun ƙasa. Har ya yi furfura masunta ba su daina kiransa Manomi ba.

Yayata Sabagi ta rasu a shekarar da muka taso daga ƙauyen, aka binne ta a tudun maƙabarta, wurin da ya fi ko'ina tsayi. Bai ƙara aure ba. 'Yarsu tilo ta yi aure a birnin Karachi, shi kuma ya kafa bukka a bayan rumfar da nake sayar da shayi.

A farkon iskar damina wani makiyayin raƙuma ya shigo rumfata, ya ce ya bi ta tsohon ƙauye, ruwa ya cinye rabin tudun, ƙasusuwan mutane duk a waje. Wasayo ya ajiye kofinsa ya tafi wurin liman. Liman ya ce ya halatta a sauya wa mamaci kabari in ruwa zai ci shi. Daga nan ya bi masu manyan jirage ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce masa ya bari iska ta kwanta, ba mai fitar da jirgi a wannan wata. Da safe sai ga shi da shebur da farin yadi, ya ari kwale-kwalen wani maƙwabci mai ƙaramin inji.

"Juman, rufe rumfar nan mu tafi."

Na ce, "Yaya, kai da ko a kwano ka ga ruwa sai kanka ya juya?"

"Ba ni na sha nono ɗaya da ita ba. In ba za ka ba, sai in gaya mata ƙaninta yana can yana dafa wa 'yan zaman banza shayi."

Na kashe wuta na bi shi.

Cikin mashigin ruwa, tsakanin itatuwan timar masu tsirowa cikin ruwan gishiri, tafiyar da sauƙi. Amma hanyar da muka sani tun muna yara ta cushe da laka, dole muka fita filin teku muka bi gefen gaɓa. Nan iska ta same mu. Raƙuman ruwa suna ɗaga mu suna makawa, ruwan gishiri yana shiga mana ido da baki. Ni ke riƙe da inji, shi yana kwarfar ruwa da tukunya, yana amai, yana komawa kwarfa. Farin yadin ya cusa shi cikin riga don kada ya jiƙe, ko da yake rigar kanta sharkaf take. Inji ya mutu, kwale-kwale ya juya gefe, na yi ta jan igiya ina salati har ya tashi. Na ce mu juya. Ko kallona bai yi ba, hannu kawai ya miƙa gaba.

Wajen azahar muka isa. Da ba a nan aka haife ni ba, da ban gane wurin ba. Babu masallaci, babu rijiya, sai wani guntun tudu da kumfa ke zagayawa. Gefen da muka binne Sabagi yana ƙarƙashin ruwa.

Wasayo ya dira. Mutumin da bai iya iyo ba ya shiga ruwa har ƙirji, yana lalube da ƙafa, igiyar ruwa na ture shi yana tashi. Na ɗaura masa igiya a ƙugu na riƙe. Ya daɗe yana nutsawa yana fitowa da abin da ya samu: wani ƙashi dogo, wasu ƙanana, wani da alama na jariri ne. Ruwa ya riga ya gauraya kowa da kowa. Ya jera su bisa yadin, ya tsuguna yana juya su, yana rawar sanyi.

Ya ce, "Juman, kai jininta ne. Duba min."

Na duba, na ce masa ban sani ba. Ya ce matar da ya kwana ɗaki ɗaya da ita rabin rayuwarsa, yau an ajiye masa ita ko ba ita ba, ya kasa ganewa. Bai yi kuka ba. Ya naɗe yadin, ya rungume, muka juyo da iska a bayanmu.

Washegari aka binne ƙasusuwan a maƙabartar Keti Bandar. Duk 'yan tsohon ƙauye suka fito, kowa yana cewa ƙila uwarsa ce, ƙila ɗansa ne. Har yau mata na zuwa su zuba ruwa a kabarin. Wasayo bai taɓa zuwa ba. Ya ce shi ya san Sabagi tana can tudun, cikin ruwa.

Daga wannan tafiya tari ya kama shi, ya daina fita kamun ƙaguwa. Sai ya wuni zaune a rumfata, in masunta suka tsokane shi ya yi kamar ba da shi ake ba, har suka gaji suka bari. Da sanyi ya shigo 'yarsa ta zo ta tafi da shi Karachi. Na ziyarce shi sau ɗaya, na same shi a wani ɗaki mai duhu bayan wurin ɓare jatan lande, jikoki na tsallake ƙafafunsa. Ya tambaye ni ko tudun na nan. Na ce ruwa ya rufe shi. Ya ce to, ya gyara kwanciya.

A can ya rasu, kafin damina ta zagayo. Labari bai iso mana ba sai bayan an binne shi. Da na je gaisuwa, mijin 'yar ya kai ni maƙabartar unguwarsu, mai faɗi kamar gari, muka yi ta zagaye cikin rana kafin ya tuna layin da kabarin yake.