Lambar Jinin Tasalla

Duk wanda ya san tashar Batsari ya san Tasalla mai fura, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar Bafillatanar nan da ke zama gindin bedi, wadda in ka ce nononta ya yi ruwa sai ta dube ka kamar kai ka kore shanun. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ma damina ta cinye rabinta. Sunana Sa'adatu. Yaran unguwa Iya suke ce mini, iyayensu kuma Iya mai baki, in na ba da baya.

A rugar bayan Zakka aka haife ta, can ta auri Yero, can ta haifi 'ya'yanta. Shekarar da ɓarayin daji suka kore musu garke, Yero ya kwanta bai tashi ba. Ta kwaso ƙorenta da turminta ta dawo Batsari tare da ɗanta na fari, Yusha'u, da 'yan shanun da suka tsira.

Tasalla tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba sauƙi a cikinta. Kakarsa ce ta raine shi, ita ko sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In abinci ya nuna sai ta ce da iska, "A kai wa wancan." In ya durƙusa gaishe ta, ƙyauren ɗaki take amsa wa. Akwai mai shayi a tasha shi ma Yusha'u, shi kuma "mai sunan wancan" take ce masa. Na taɓa tambayarta, "Ke Tasalla, ranar da wuta ta kama rigarsa me za ki ce? A kashe wa wancan?" Ta ce, "Allah ya tsare mu da wuta."

Da cikinta ya fara kumbura, matan unguwa suka sami abin yi, wai mace mai jikoki, ba miji, ga ciki. Ɗiyarta Naja'atu ce ta ja ta zuwa babban asibiti a Katsina, aka ce sankara ce a ƙwan mahaifa. Aka yi mata aiki, aka bi da ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, har kanta ya koma kamar bayan ƙwarya. Yusha'u ya sayar da bijimai bai tambayi komai ba. Abin da aka gaya masa shi ne ciwon ciki, don ba wadda za ta buɗe baki ta ambaci mahaifa a gaban wanda ya kwanta cikinta. Da ta miƙe ya yanka rago ya yi sadaka. A wajensa magana ta ƙare.

A wajen likita ba ta ƙare ba. Ya ce ta riƙa zuwa lokaci-lokaci ana ɗibar jininta, akwai wani gwaji da suke kira CA-125. In lambar ta tsaya ƙasa da talatin da biyar, madalla. In ta fara hawa, sai a bincika. Naja'atu tana gidan mijinta a Safana da tsohon ciki, ga hanya ba ta da tabbas, sai rakiya ta faɗo kaina, tunda ina da waya kuma ba na tsoron mai farar riga. Mukan shiga motar safe, kowa bakinsa na motsi da addu'a, direba na leƙen daji hagu da dama, ba mai tari sai an hango gari.

Na farko lambar ta fito goma sha takwas, muka sayi rake muka sha a hanya. Na gaba ta ce arba'in da ɗaya. Likita ya ce kada hankali ya tashi, lamba ita kaɗai ba hukunci ba ce, wasu abubuwan ma kan ɗaga ta, a sake. Aka sake. Ina tankaɗe Zuwairatu, nas ɗin da ke kula da ita, ta kira ni.

"Iya, casa'in. Likita ya ce a kawo ta a yi hoton ciki, sati mai zuwa. Kada a wuce."

Na leƙa ta katanga na faɗa mata. Tana daka, ba ta ajiye taɓarya ba.

"Iya, dube ni. Mai ciwo tana daka gero haka?"

"Ni ma na gani. Jinin ne bai gani ba."

Abin da ya fi cinta ke nan. Da ciwon yana da wurin da za ta dafa ta ce ga shi, da ta san yadda za ta yi da shi. Amma jiki garau, gashi ya tofo har ana kitso, furarta tana ƙarewa kafin la'asar, sai wata lamba da ba ta taɓa gani da ido ba tana hawa kamar farashin gero. Kullum da safe ina ganinta tana ɗaura zane tana kwancewa, tana auna ko bakin zanen ya ragu. Ta daina cin rake, wai ko shi ne. Ta daina maiƙo. Ta tambaye ni ko in ta yi azumi lambar za ta ji yunwa ta sauka. Na ce da haka ne, da talakan ƙasar nan duk lambarsu ta ƙare tuni.

Ana cikin haka Yusha'u ya shigo gidana da labari. Dama ni yake gaya wa abin da yake so uwarsa ta ji, da ƙarfi, don ya haura katanga.

"Iya, barka da rana. Ya jiki, ya zafi?"

"Zafi na nan, maigidana. Yau ma hannu sake ka zo? Wannan aure namu ban ga ribarsa ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce an sake biyo sawun shanu har bakin gari, shi ya gaji. Kawunsa ya sami wuri can kudu, dajin da ke da ciyawa, mota ma ba ta kaiwa sai an ƙarasa a ƙafa. Ya yi magana da mai babbar mota, washegarin kasuwa za su tashi, shanu da mutane. "Tunda Allah ya ba Inna lafiya, ba abin da ya riƙe mu."

Dakan da ake yi a bayan katanga ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Yana fita na zagaya. "Kin ji? Motarsa za ta riga hoton cikinki. Can inda za shi, wa zai ɗebi jininki, sauro?"

"Allah na can."

"Allah na nan ma, kuma a nan ya ajiye likita. Gaya masa."

"Ni? In ce masa me? In ce wurin da... " Ta kasa ƙarasawa, ta ja mayafi ta rufe baki.

"To, ni zan faɗa."

Sai ta kama hannuna, ban san tana da wannan ƙarfin ba. "Na haɗa ki da girman Allah, Iya. Ya rabu da bijimansa saboda ni. In ya ji zai zauna, in ya zauna za su kwashe sauran. Kada ki faɗa masa, kada ki faɗa wa Naja'atu, haihuwa na gabanta." Ta matsa har sai da na ce na yi alkawari. Duk tsawon rayuwata bakina ne ke jawo mini magana, wannan karon shirun ne.

Na gwada dabaru. Na ce wa Yusha'u na yi mummunan mafarki da babbar mota, ya ce Allah ya sa alheri. Na ce kudu akwai macizai, ya ce nan ma akwai masu bindiga. Na ce uwarka ta rame, ya ce ai can za ta sha nono na gaske, ta huta da kwaɓa madarar gari. Ita kuwa ta shiga wanke ƙore tana jera su cikin buhu, kamar mai shirin biki. Zuwairatu ta sake kira tana tuni, na ce mata muna nan tafe, na kashe wayar ina jin kunyar kaina.

Ranar ta zo. Hantsi bai yi ba mota ta tsaya a ƙofar gida, an riga an loda shanu suna ta kuka, direba na cewa a yi sauri a wuce daji da rana tsaka. Aka fitar da tabarmi, aka fitar da buhun ƙore. Saura turmi. Yusha'u ya shigo ɗaukarsa ya tarar da uwarsa zaune a kai, ta juya fuska ga katanga.

Ya tsaya. Ba zai ce mata tashi ba. Ya dube ni.

"Iya, a ce wa Inna ana jira."

"Ni yau ba 'yar aike ba ce."

"Lafiya?"

"An ɗaure bakina da rantsuwa, maigida. Ga mai kwancewa nan zaune a kan turmi. In ta shiga motar nan da abin da ke cikinta, ni dai na fita." Na juya gare ta. "Tasalla, ga wutar nan ta kama. Sai ki ce a kashe wa wancan."

Direba ya danna oda. Ba wanda ya motsa. Ina kallon hannunta yana murza bakin zane. Ta yunƙura kamar za ta tashi, na ce shi ke nan ta tafi. Sai ta koma ta zauna.

"Yusha'u."

A hankali ta faɗa, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Ya waiga bayansa, wallahi, yana neman wanda ya kira shi. Da ya gane, sai ya cire malfarsa ya durƙusa a ƙasa, ƙato da gemu.

Ba ta dube shi ba, katangar ta yi wa bayani. "Ciwon nan ba na ciki ba ne kawai. Sankara ce, a wurin haihuwa. Sun ce jinin ya hau. Suna son su duba, sati mai shiga."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Ya sunkuyar da kai. Da ya tashi, waje ya fita. Muna ji yana magana da ɗan kawunsa da ya zo taya shi kora, yana ce masa ya tafi da shanun, ya damƙa wa kawu, shi zai biyo baya in Allah ya yi. Aka sauke tabarmi da buhun ƙore. Motar ta tashi da duk abin da ya mallaka, ya tsaya a ƙofa har ƙararta ta ɓace.

Shi ya kai ta Katsina, ni ina gefe don kada a ce ba a gayyace ni ba. Hoton ya nuna wani ɗan abu ya sake tsirowa, likita ya ce gara da aka zo yanzu. An koma ƙarin ruwa, gashin da aka sha wahalar kitsawa ya sake tafiya. Lambar tana sauka a hankali, wani zuwan mu yi murna, wani zuwan mu dawo shiru. Yanzu wayar Yusha'u Zuwairatu ke kira, shi kuma ya shigo gidana ya faɗa da ƙarfi don ta haura katanga. Dako yake yi a kasuwa, mutumin da ya taso bayan shanu.

Kwanan baya na ce mata, "Tunda baki ya buɗe, kira shi ya ɗauko mana ruwa." Ta harare ni da idanun nan da ba gira, ta ɗaga murya ta ce da iska, "A ce wa wancan tulu ya bushe."