Sunan da ke Gindin Tulu

Duk wanda ya taɓa sayen tulu a unguwar magina ta birnin Atina ya san Simalos. Shi ne gajeren nan mai i'ina, wanda kafin ya gama gaisuwa mai saye ya ɗauki kayansa ya yi gaba. Ya haura arba'in yana cuɗa yumɓu, bakinsa bai taɓa yi masa rana ba sai wajen cin gurasa da zaitun.

Wata rana ya kai tuluna gidan wani attajiri, ya tarar 'ya'yan manya sun kewaye wani baƙo daga tsibirai mai suna Arkefon, cikin malaman nan masu yawo gari gari suna koyar da magana da gardama. Baƙon yana cewa iya magana ba gado ba ne, sana'a ce kamar ginin tukunya. Wani saurayi ya nuna Simalos yana dariya, ya ce, "To ga magini nan, Malam. Koya masa mu gani."

Arkefon ya yafito shi. "Ɗan'uwa, tukunyarka ta farko yaya ta fito?"

"Ka-karkatacciya."

"Sai ka daina?"

"A'a."

"To ka fi yaran nan. Samu wuri."

Shekara biyu Simalos yana zuwa, yana zama can bakin ƙofa. Ya koyi rubutu, ya kuma riƙe abu ɗaya da kyau: kowace magana fuska biyu gare ta, saboda haka ka karɓi ta abokin gaba da hannu biyu, sannan ka juya ta.

Sai Arkefon ya faɗa a bainar jama'a cewa sha'anin alloli bai sani ba, bai kuma ga wanda ya sani ba. Aka kore shi daga gari, aka ƙona littattafansa a tsakiyar kasuwa. Mu ɗin nan masu taƙama da 'yancin faɗin albarkacin baki, mu muka yi. Samarin da suke lashe masa ƙafa kowa ya ce bai taɓa ganinsa ba. Abin ya ci wa Simalos rai ƙwarai. Daga ranar, kowane tulu ya gina, kafin ya sa wuta sai ya ɗauki tsinke ya rubuta sunan Arkefon a gindinsa. Ba wanda ya lura, don ba mai kifa tulu ya karanta.

Bayan 'yan shekaru maƙwabcinsa Dorkis ya sa ido a kan ramin yumɓunsa. Baƙo ba ya mallakar ƙasa a Atina, don haka Dorkis ya ce ai uwar Simalos ba 'yar gari ba ce, shi ma ke nan baƙo ne. Dattawan unguwa suka goge sunansa daga cikin 'yan ƙasa. Yana iya ɗaukaka ƙara, amma wanda ya ɗaukaka ya faɗi, bawa ake sayar da shi.

Matarsa Mirto ta yi kuka har ta gaji. "Maigida, ka bar musu ramin! Kai da ba ka iya kiran sunana a numfashi ɗaya, kai za ka tsaya gaban alƙalai ɗari biyar?"

"Zan t-tsaya."

"To in sun ambaci korarren malamin nan naka, ka ce ba ka san shi ba."

A kotunmu kowa shi ke kare kansa, lokacinsa kuwa tulu ɗaya ne na ruwa mai huji, ruwa ya ƙare ka yi shiru. Tulun kotun ma ginin Simalos ne. Ya gina irinsa a gida, kullum ya cika shi ya tsaya yana yi wa jakinsa jawabi, har jakin ya haddace.

Ranar shari'a Dorkis ya zuba magana son ransa, ya rufe da cewa, "Ku tambaye shi wa ya koya masa buɗe baki! Almajirin korarren nan ne, maƙiyin alloli!" Wuri ya ɗauki ihu.

Aka cire toshiyar tulu. Simalos ya miƙe. Ya ce, "G-gaskiya Dorkis ya faɗa. Arkefon malamina ne. Da ba don shi ba, da yau kun sayar da ni ba ku ji muryata ba. Kun kore shi, ni ban kore shi ba."

Ihu ya ƙaru. Ya jira, yana kallon ruwansa na zuba, bai yi gaggawa ba.

"Ya kuma ce uwata baƙuwa ce. To mu ɗauka haka ne. Naman da unguwa ke yanka wa alloli ɗan ƙasa kaɗai ke ci, ko ba haka ba? Shekara ashirin wa ke rabon naman? Dorkis. Shekara ashirin yana miƙo mini kasona da hannunsa a gaban bagaden da ake yankan. In ni baƙo ne, shekara ashirin yana cutar alloli yana sane. In ko ba baƙo ba ne, yau yake cutarku. Dorkis, z-zaɓi ɗaya."

Can baya wani tsoho ya ce, "Zaɓa mana, sarkin rabo!" Dariya ta ɓarke. Simalos ya koma ya zauna, ruwansa ko rabi bai kai ba.

Aka jefa duwatsun ƙuri'a, ya tsira da rata kaɗan. Ana cikin watsewa ma'aikacin kotu ya kifa tulun don zubar da sauran ruwan, sai ya tsaya yana duban gindinsa. Ya karanta da ƙarfi, "Arkefon? Kai magini, mene ne wannan?"

Simalos ya gyara mayafinsa. "Sunan malamina ne. In ƙonawa za ku yi, ya riga ya sha wuta. In fasawa ne, kowa ya fara da na gidansa."