Allurar Iya

Ranar wata Talata ce, a kakar shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, na ɓatar da allurar kakata Iya a tsakar gidanmu da ke Taba. Ƙaya ce ta soke ni a gonar rake, ni kuwa ba ni da haƙurin jiran babba, sai na zaro allurar daga jikin asabari inda Iya take soke ta. Ƙaya ta fita, allura ta faɗa cikin ƙasa. Ita ke nan gare ta, da ita take ɗinke yagar gidan duka. Iya ba ta duka. Cewa kawai ta yi, "Gobe Laraba. In babu allura, ba ke ba kasuwar Makarfi." Wata biyu ina jiran ranar nan, don ban taɓa shiga mota ba.

Na yi ta tankaɗe ƙasa da rariya har kaji suka taru suna kallona. Sai ga Kawu Sule, ƙanen innarmu mai gyaran keke. "Ke uwar gaggawa, tuwon ƙasa za a yi mana yau?" Ya ciro wani baƙin ƙarfe daga aljihu, wai daga injin fitilar keke ya cire shi, sunansa maganaɗisu. Ya ɗaura masa zare, ya ce in ja shi kamar akuya. Na zagaye gidan, daga murhu zuwa gindin rumbu. Ƙarfen ya kwaso ƙusa biyu, da guntuwar reza, da wata baƙar ƙasa da ta miƙe a jikinsa kamar ƙayar bushiya. A bakin turmi sai allura ta yi tsalle, ƙyas, ta manne. Na kurma ihu, kaji suka watse.

Iya ta ƙi taɓa allurar sai da aka wanke ta da toka. Da ta ajiye ta kan fil ɗin ɗankwalinta, ta zo ɗauka, sai fil ya biyo allura. Ta harari Kawu. "Ka gani ko? Ka koya wa allurata kwaɗayi." Washegari na shiga mota, a cinyar Iya.

A sakandare malaminmu ya zana mana bayanin maganaɗisu a allo, na haddace, na ci jarrabawa. Yanzu allura a takarda ake sayenta, in ta faɗi ba mai sunkuyawa, Iya kuma ta riga mu gidan gaskiya. Bayanin malam daidai ne, ban musa ba. Amma duk sa'ad da na ga ƙarfe ya bi ƙarfe, na Iya nake fara tunawa.