Maganin da Bai Sa Ni Amai Ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu cewa na yi kuɗi na daina hawa Fesbuk, Allah ya shirye ku. Kwance nake. Sai yau na ji zan iya magana.

Da wani ɗan kumburi ya fara, a gefen wuyana. Na ce kaluluwa ce, na ci gaba da gyaran injinan ban-ruwa a shagona na Kibiya. Sai zazzaɓi, sai gumi, sai rama, har wando ya daina zama a ƙuguna.

A Rano aka yi min maganin maleriya da taifot, shiru. Aka tura ni babban asibiti a birni, suka yanki ɗan nama a wuyan suka auna.

Kansa ce.

Wallahi ban ji sauran bayanin ba. 'Ya'yana kawai nake gani.

Gonar gadonmu ta tafi a gwaje-gwaje da hoto. Ana nan wata likita ta ce akwai magani da ake gwajinsa, bai shiga kasuwa ba. Ta ce an ƙera wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, masu siffar ƙwayar bairus, amma fanko ne, babu cuta a ciki. A cikinsu ake zuba maganin a rufe, su bi jini, sai sun isa inda kansar take su buɗe.

"Ban yi maka alkawarin warkewa ba," in ji ta. "Kuma kada ka haɗa shi da komai."

Na amince. Aka fara sa min ta ƙarin ruwa, a sallame ni in koma gida, in dawo a ɗebi jini.

Mahaifiyata, Inna, ta baro Tarai ta tare a gidana. Ita ta yi jinyar yayarta da cutar kansa ta kashe, ta ga yadda magani ya zubar mata da gashi, ya sa ta amai kamar hanjinta zai fito. Ni kuwa sai kasala da ciwon gaɓoɓi. Kullum da safe sai ta shafa kaina ta duba tafinta.

"Habu, anya ba ruwa zalla suke ɗura maka ba? Wane irin magani ne ba amai ba gudawa? Ta ina cutar za ta fita?"

Na yi dariya na ce zamani ne, Inna.

Ba a jima ba na fara amai. Amai na fitar hankali. Matata tana kuka, Inna tana riƙe da kaina tana cewa, "Alhamdulillahi, ta fara fita." Idona ya koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi ja.

Aka kwantar da ni. Likitar ta zo da sakamakon jini, fuskarta ba walwala. Ta ce hantata ta taɓu, an dakatar da maganin. In ba a gano dalili ba, shi za a ɗora wa laifi, a cire ni daga gwajin gaba ɗaya.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ba ni da wata gonar da zan sayar.

"Malam Habu, tsakaninka da Allah, me kake sha?"

Na rantse ban sha komai ba. Har na fara ɗaga mata murya.

Inna tana zaune a kan tabarma, gefen gadon. Sai ta ce a hankali, "'Yar nan, ni ce."

Ashe sassaƙe ta karɓo wajen wani mai magani, take tafasawa tana zuba min a kunun tsamiya. Don a taimaka wa na asibitin, in ji ta.

Na so in yi faɗa. Na kalle ta, tsohuwa, sai na juya fuskata bango.

Likitar ba ta tsawata mata ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, maganin namu a rufe yake tafiya, shi ya sa ba kya ganin aikinsa." Inna ta ce, "Ai ba wanda ya gaya min."

Makonni aka yi ana jiran hanta ta dawo, ni kuma ina taɓa wuyana ina jin kumburin yana ƙaruwa. Wannan jiran ya fi min komai azaba. Da ƙyar aka mayar da ni kan maganin.

Yanzu hoto ya nuna babu komai, sai dai zan riƙa zuwa ana dubawa. Ba kowa ya dace ba. Wani bawan Allah da muke layi tare ya rasu, Allah ya ji ƙansa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da matata, da manoman da suka riƙa kawo gudummawa.

Kumburin da ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti da wuri. Duk abin da ya shiga bakin mara lafiya, likita ya sani. Kuma ranar bayani, ku shiga da mai jinyar, musamman iyaye, a yi musu da Hausar da za su gane.

Ku sa Inna a addu'a. Na ce mata na yafe har na gaji da faɗa. Amma har yau, ko ruwa na roƙa, sai ta kira matata ta miƙo min.